Ƙanin Mijina, Mai Ciwon Haya

Ƙanin mijina ya yi shekara goma sha tara yana rashin lafiya, alhali ko mura ba ta cika kama shi ba. Sana'arsa ke nan. A makarantar koyon aikin jinya da ke jikin babban asibiti, idan jarrabawa ta zo ba a sakin ɗalibai a kan marasa lafiya na gaske, don kada ɗan koyo ya ƙarasa wanda Allah bai ƙarasa ba. Sai a samo mai lafiya a kwantar da shi a gado, a gaya masa ciwon da zai yi ranar. Ɗalibi ya shigo, ya yi tambayoyinsa, ya dudduba, ya faɗi abin da ya gano, malami na gefe da takarda yana ba da maki. Minti bakwai a kaɗa ƙararrawa, wannan ya fita wani ya shigo. To, mai kwanciyar nan shi ne ƙanin mijina.

Ni ban yi mamaki ba, domin tun ina amarya na san baiwarsa. Ranar da za a kwashe kwata, cikinsa ke murɗawa. Ranar da za a yi rabon nama, sai ka gan shi garau har da tsalle. An kai shi koyon ɗinki, ya ɗinka wa marigayi mijina wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya ce ƙasar ce ba daidai ba. An kai shi wurin makanike, ya dawo da baƙin mai har cikin kunne da kusoshi uku da ya rasa inda suka fito. Daga ƙarshe aka samar masa aikin tura keken marasa lafiya a asibiti, ya yi shekara goma sha ɗaya yana turawa. A nan ya yi karatunsa. Duk wanda ya tura, sai ya kasa kunne. Ya san nishin mai tsakuwar ƙoda daban yake da na mai gyambon ciki. Ya san mai ciwon ƙirji na gaske ba ya ihu, gumi yake yi yana kallon rufi.

Wata safiya mutumin da makaranta ta ɗauka don ya yi ciwon ƙarya ya wayi gari da zawo na gaske. Tsohuwar malamar makarantar ta leƙo baranda, ta ga ƙanin mijina zaune a cikin keken da ya kamata ya tura, ta yafito shi, ta ce ya hau gado ya gwada. Nishi ɗaya ya yi, wani likita da ke wucewa ya banko labule da gudu yana tambayar wa aka bari a wannan hali. Tun daga ranar sunansa ya ɓace, kowa Wayyo yake ce masa. A duniya wannan ne aiki na farko da ya taɓa yi aka ce masa sannu da ƙoƙari.

Sai dai yana da aibi ɗaya: son kai. Idan ɗaliba ta shigo da ladabi, ta gaishe shi, sai ka ji yana nishi yana sako mata amsa.

"Wayyo, ƙirjina… 'yata, ba ki tambaye ni ko ina shan taba ba… wayyo."

Idan kuwa ɗalibi ya shigo yana hura hanci, nan take Wayyo zai kurmance. Ya ƙara masa ciwon baya da jiri da wani ƙaiƙayi a tafin ƙafa da ba ya cikin littafin kowa. Yaro ya fita yana zufa, bai san ko zuciya aka ba shi ko aljanu ba. Tsohuwar malama takan yi masa faɗa sama-sama, ta koma ofis ta yi dariya.

Da ta yi ritaya aka kawo sabuwa, matashiya, siririya, da agogon ƙidayar minti rataye a wuya. Ɗalibai suka sa mata Malama Agogo. Wata biyu da zuwanta aka sauke wani dogon akwati, aka fito da mutumin roba. Ƙirjinsa na hawa yana sauka, jijiyar hannunsa na bugawa, idan an danna wani abu a kwamfuta har nishi yake yi. Wayyo ya je ya tsaya a kansa, hannu a baya, kamar mai duba gawar maƙiyi.

"Wannan nishin daga hanci yake fita," in ji shi. "Wa ya koya masa?"

Malama Agogo ta kira shi ofis. Shi ya ba ni labarin, kuma na san bai ƙara gishiri ba, don labarin bai yi masa daɗi ba.

"Baba, jarrabawa awo ce," ta ce. "Mudun da aka auna wa na farko, shi za a auna wa na ƙarshe. Kai kuwa kowa da mudun da kake ba shi. Na duba makin shekara biyar: masu fara'a na cinyewa a gadonka, masu ɗaure fuska na faɗuwa, ko da sun fi su sanin aiki. Jarrabawa mai zuwa ɗalibai talatin ne. Abin da ka gaya wa na ɗaya, shi za ka gaya wa na talatin, ba ragi ba ƙari. Ka canza kalma ɗaya, na ba wa roba gadon."

Mutumin da bai taɓa rasa cin abinci ba ko ranar makoki, ya yi kwana biyu yana tura kwano gefe. Ba ɗan abin da ake ba shi ne ya dame shi ba. Ya tsufa da tura keke, kuma in aka raba shi da gadon nan, ya koma abin da yake a da: mutumin da bai iya komai ba.

A tsarin jarrabawar ta wannan shekarar an ce mara lafiya ya zo da mai jinya. Matarsa ta ce ita ta gaji da jinyar mai lafiya a gida, ba za ta je ta yi a bainar jama'a ba. Sai ya zo ɗakina yana sosa ƙeya.

"Matar Yaya, ki rufa min asiri. Zama kawai za ki yi. In an tambaye ki, ki ce, 'Tun jiya yake haka.' Shi ke nan."

"In ba a tambaye ni ba fa?"

"Ki yi shiru."

"Awa nawa?"

"Kamar huɗu."

Na ce to, Allah Ya ga niyyata.

Ranar jarrabawa aka shigar da mu wani dogon zaure da aka rarraba da korayen labule, lungu goma. Namu shi ne na shida: gado, kujerata, ƙaramin teburi mai taya da kwalbar wanke hannu a kai, sai wani malami mai dogon wuya tsaye kusa da tasa kujerar, riƙe da allon takarda. A can ƙarshen zauren Malama Agogo na zaune da ƙararrawarta. Ɗalibai sanye da fararen kaya, kowa da lamba maƙale a ƙirji, fuska kamar waɗanda za a yi wa kaciya.

Wayyo ya fara. Ƙirji ke ciwo tun jiya, yana sauka hannun hagu, kamar an ɗora masa dutse. Ya faɗa wa ta ɗaya, ya faɗa wa na biyu, ya faɗa wa na biyar, daidai wa daida, kamar rediyo. Ni ma ina ta "tun jiya yake haka" har maganar ta fara yi min ɗaci a baki. Ta tara wata 'yar ƙarama ce, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe mu, sannan ta manta rabin tambayoyinta. Na ga leɓen Wayyo na motsi, amsa na neman kuɓucewa. Na miƙa hannu ƙarƙashin bargo na murɗe masa babban yatsan ƙafa. Nishin da ya yi a lokacin shi ne na gaske guda ɗaya a duk shekarunsa na aiki, kuma malamin bai lura da bambanci ba.

Haka muka kai ashirin da ɗaya ba tuntuɓe.

Na ashirin da biyu dogon saurayi ne, an ce shi ke zuwa na ɗaya a ajinsu, kuma ya fi kowa daɗewa a ɗakin mutumin roba yana gwaji. Ya shigo ba sallama. Bai kalli fuskar Wayyo ba, ni kuwa ko kujerar da nake kai ta fi ni samun kallo. Ya wanke hannu tsaf, don wannan akwai maki a kai. Sannan ya kama rigar dattijo ya yaye ta har wuya, ya manna masa ƙarfen sauraron ƙirji, ya dubi malamin ya ce, "Yanzu zan juya shi." Ya sa hannu ya mirgina ƙanin mijina kamar buhu.

Sai mai ciwon zuciya ya tashi zaune daram.

"Kai! Ɗan gidan wa ne kai? Ka shigo ba sallama, ka yaye min riga a gaban matar yayana, kamar ka zo sayen akuya! Ka tambayi sunana? Ka ce min sannu? Hannu sanyi kamar cikin kwaɗo! Sauke min rigata, ka fita ka sake shigowa kamar ɗan mutane!"

Yaron ya daskare, baki buɗe. Ƙararrawa ta kaɗa, ya fita da baya-baya.

Tsakanin ɗalibi da ɗalibi akwai rabin minti. Wayyo ya dube ni, idonsa ya raina fata.

"Matar Yaya, na kashe kaina."

Na ce, "Tun jiya kake haka."

Ya koma ya kwanta yana kallon rufi, ina ganin tunani na kai-komo a goshinsa. Can ya ce a hankali, "Mudu ɗaya ta ce, ko ba haka ba? Abin da aka ba wannan, a ba wancan."

Kafin in ce kada ka soma, ta ashirin da uku ta shigo. Baiwar Allah, ladabi kamar ta kwanta a taka. Ta yi sallama, ta gaishe ni, ta tambayi sunansa, ta murza tafin hannunta don ya yi ɗumi, ta ce, "Baba, ka yarda in ɗan ɗaga rigarka?"

Ya tashi zaune daram.

"Ke! 'Yar gidan wa ce ke? Kin shigo ba sallama, kin yaye min riga a gaban matar yayana, kamar kin zo sayen akuya!"

Har ƙarshe ya kai, bai bar kwaɗon ba. Yarinya ta fashe da kuka. Malami mai dogon wuya ya duba takardarsa gaba da baya, babu layin da aka tanada don wannan. Barin wurin kuma haramun ne gare shi sai an gama, sai ya tsaya yana ta haɗiyar yawu.

Na ashirin da huɗu ya tsaya musu. "Wallahi Baba na yi sallama! Malam, ai ka ji na yi!" Ya cinye mintinsa bakwai yana neman shaida. Ta gaba ta yi dariya, ta ga ba wasa ba ne, ta tsaya tana kallon agogon bango. Wani ya ƙame kamar soja ya ci gaba da karanto tambayoyin da ya haddace a kan muryar Wayyo, su biyu suna magana ba mai jin wani. Hayaniyar ce ta jawo Malama Agogo. Ta ba wani ƙararrawar, ta zo ta tsaya bayan labule. Ina hango takalmanta.

Ta ashirin da takwas babbar mace ce, daga gani ta yi goyo ta yaye kafin ta shigo makaranta. Da Wayyo ya tashi ya fara, ba ta ja da baya ba, ba ta kuma tanka ba. Ta jawo kujerar malamin ta zauna daidai fuskarsa, ta bar shi ya zazzage tas.

"An ɓata maka rai, Baba," ta ce. "Ka yi haƙuri. Mutum na fama da kansa kuma a zo ana jagwalgwala shi, dole ya ji zafi. Ga rigarka na gyara. Yanzu gaya min, ina ne ke maka ciwo?"

Wayyo ya buɗe baki, babu sauran faɗa a ciki. Ya koma ya kwanta kamar ɗan yaye, ya ba ta ƙirji, ya ba ta hannun hagu, ta tambayi taba ya amsa. Ta gama da saura minti ɗaya.

Da na talatin ya sha nasa ya fita, Malama Agogo ta ɗaga labule. Kafin ta yi magana Wayyo ya riga ta.

"Malama, saura ashirin da ɗaya na farko, su ba su samu ba. A jero min su in ba su nasu, awo ya daidaita."

Na ga ta cije leɓe. Ban sani ba ko fushi take dannewa ko wani abu.

An soke makin lungu na shida gaba ɗaya. Mako na gaba duk su talatin suka sake, a kan mutumin roba. Wayyo ya yi kwana tara a gida, ko ƙofar gida bai leƙa ba. A na goma aka aiko kiransa, ya ce in raka shi.

"Gado kam ka rasa shi, Baba," in ji Malama. "Na faɗa, kuma ba na warwarewa."

Ya sunkuyar da kai.

"Amma na tsaya bayan labule na ga abin da takardata ba ta aunawa. A ɗakin marasa lafiya kullum sai an yi wa ma'aikacin jinya tsawa, wani lokaci da laifinsa, wani lokaci ba laifi. Ba mu taɓa gwada su a kan wannan ba, roba kuma ba ta iya faɗa. Zan buɗe sabon lungu. Ba gado, kujera ce. Ɗalibi ya shigo, ka yi masa faɗan nan, mu ga yadda zai yi da kai." Ta ɗago wata takarda. "Na sa an rubuta shi yadda ka yi shi. Akuya, kwaɗo, duka. Ba ragi ba ƙari."

"To… in ɗan yi nishi a ƙarshe?"

"A'a."

"Ƙarami. Na ƙoda."

"Baba."

Ya karɓi kujera. Bana shekararsa ta uku a kanta. Har gobe yana ƙorafi wai an ɗauki gwani an mayar da shi mafaɗaci, aikin da kowace tsohuwa a unguwa za ta yi kyauta, yana faɗa yana kallona. Matarsa ce ta ci ribar abin. Makon jarrabawa, in ya dawo daga yi wa mutum talatin tsawa, muryarsa ta dushe ƙurmus. Ko ta ƙona abinci, ko jikoki sun fasa masa tabarau, sai dai ya ɗaga yatsa ɗaya ya girgiza, ya nemi ruwan ɗumi.