Shuɗin Ɗigo a Wayar Inna

Ni na saya wa Inna wayar, shekarar da na fara koyarwa a wata sakandare cikin Daura. Kafin in miƙa mata sai da na haɗa ta da tawa, yadda duk inda ta nufa zan ga wani shuɗin ɗigo yana tafiya a kan taswira. Ban gaya mata ba. Na ce wa kaina saboda hawan jininta ne, kada ta faɗi a hanya ba mu sani ba. Daga baya daɗin kallon ne kawai ya kama ni. Ga ta a gidan suna bayan Kusugu, ga ta wajen mai niƙa. In ta dawo tana ba ni labari, sai in gyaɗa kai kamar ban sani ba.

Duk Laraba takan ce za ta Zango duba ƙanwarta. Wata Laraba ina ofishin malamai ina duba takardun jarrabawa, na leƙa wayata. Ɗigon ya wuce Zango bai tsaya ba, ya miƙe har garin Babban Mutum. Ba mu da kowa a can.

Sai yayana ya faɗo mini a rai. Shekara uku ke nan da Baba ya kore shi saboda shan ƙwaya, bayan ya sayar da keken ɗinkin Baba da kuma babur ɗina. Ranar Baba ya rantse a tsakar gida cewa duk wanda ya neme shi, to ya bi shi. Ni kuwa babur ɗin nan bai taɓa fita daga raina ba.

Laraba uku ina kallo. Ta huɗu na bar ajina na tafi shagon Baba a kasuwa.

"Baba, ina Inna ta ce za ta?"

"Zango. Lafiya?"

Na aje masa wayar a kan rigar da yake yi wa aiki, na nuna masa ɗigon da yatsa. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan abin ba ya ƙarya?"

"Ba ya yi, Baba."

Ya cire tabarau, ya rufe shago. Muka hau motar haya daga tasha, wayar tana hannuna, ni ke cewa direba nan za mu sauka, ni ke gaba cikin lungu. Ba zan ɓoye ba, a lokacin daɗi nake ji.

Wani ɗakin ƙasa ne bayan inda ake sayar da dabbobi. Inna tana zaune a tabarma tana dama fura. Yaya ya rame, amma idonsa garau, ba irin na da ba. Daga baya na ji dakon buhunan gero yake yi, kuma ya fi shekara rabonsa da ƙwaya. Da ya ga Baba sai ya zube ƙasa yana gaisuwa. Baba ko kallonsa bai yi ba.

"Nan ce Zangon?" ya ce wa Inna.

"Malam, ɗana ne," ta ce.

"To ki zauna da ɗanki. Kada in ga ƙafarki a gidana."

Maƙwabta sun taru a ƙofa, har da mata masu leƙe ta katanga. Inna ba ta roƙe shi ba. Ni ta kalla, ta kalli wayar da ke hannuna, ta ce, "Kai ne ka kawo shi?" Na ce ba ni ba ne, wayarta ce ta nuna. Har yau in na tuna wannan amsar sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kwana tara ta yi a can. Ranar na goma Yaya ya sa ta a mota, ya aiko wa Baba cewa zai tsallaka Nijar, ba za a sake jin ɗuriyarsa ba, a bar Inna ta koma ɗakinta. Ya cika alkawari. Shekara huɗu ke nan babu wanda ya san ko yana raye.

Dattawan unguwa suka sa baki, Baba ya haƙura. Ni kuma na je na durƙusa gaban Inna na ce zan cire abin daga wayar. Ta hana.

"Bar shi. Ai kai ne makiyayina."

Tun daga ranar ko bayan gida za ta zaga, sai ta ɗauki wayar ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce, "Malam ƙarami, zan zaga. Ka duba, kada in wuce." Ko da baƙi a gidan haka take yi, su yi dariya don ba su san komai ba. Da na yi aure na tashi daga gidan, sai ta koma kirana a waya tana faɗa mini. Jiya ma ta kira ina tsakiyar darasi, na fita baranda na ɗauka, na ce mata to, Inna, a dawo lafiya.