Kulu da Mata Arba'in Marasa Ciwo

"Yaya Kulu, ki ji tsoron Allah! Gwiwata kamar an zuba garwashi, kinka sa ni na ce ma ɗiyarki sifiri!"

Rayan na tsakar gida da hantsi tana jera takardunta a kan gadon angareb ta ji muryar maƙwabciyarsu Talatu ta keto katangar laka. Muryar da ta amsa kuwa ta uwarta ce.

"Rage murya, baiwar Allah. Yau kinka fara ciwo?"

"Mu arba'in fa! Gida-gida kinka bi mu!"

Alƙalamin ya suɓuce daga hannun Rayan. Wata uku ke nan da wata cibiya a birnin Madani, mai koya wa matasan likitoci binciken ciwon gaɓɓai, ta turo ta garinsu Mai Wurno. Aikin ba wuya: ta zauna da masu tsinkar auduga, kowace ta auna ciwonta daga sifiri zuwa goma. Mata masu karkatattun yatsu, masu dafa bango kafin su miƙe, duk suka dube ta ido cikin ido suka ce sifiri. Sau biyu malaminta yana maido da takardun, ta sake daga farko. Ran Alhamis za ta kai na uku, in bai karɓu ba a ba wani gurbinta.

Ashe Inna ce.

Duk garin an san Kulu. Tana shekara goma sha biyu ta fara bin lori zuwa gonakin Managil. Da mijinta Salih ya rasu, ita ta zama mai tara mata lokacin tsinka, ita ke tsayawa gaban mai gona ta yi magana da Larabcin da ba ya lanƙwasa. Shekara talatin da biyar ba wanda ya ji ta ce wash. Yatsunta sun kwanta gefe guda, da tafin hannu take shafa ƙullun wainar kisra a kasko, wanda ya kalla ta harare shi. Rayan kuwa 'yar fari ce, saboda haka Kulu ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa tambayarta karatu ba. Ranar da Rayan ta gama jami'a ma cewa uwar ta yi a ɗebo ruwa.

Kulu ta shigo tana gyara mayafinta na tob. Ta ga fuskar 'yar, ta ga katangar, ta gane.

"Inna, mi na yi miki?"

"Kin ci abinci?"

"Za su kore ni! Kin san za su kore ni?"

"In sun kore ki, ga ɗaki."

Rayan ta dubi uwar. Ta zaci za a ce mata tsoro ne, kada masu gona su ji an rubuta mata marasa lafiya su daina ɗaukarsu. Wannan da ta fahimta. Amma ta tuna duk ranar da takardun suka dawo Kulu kan yanka kaza ba baƙo ba biki. Wanda ya ci wannan matakin ƙasar waje ake tura shi shekara huɗu. Sau ɗaya Rayan ta faɗi haka, uwar na tankaɗe, kamar ba ta ji ba.

"Da kin ce mini in zauna, Inna."

"Ni in ce miki?" Kulu ta dube ta kamar ta yi saɓo. "Da wane bakin?"

"Magani za a kawo musu in an rubuta gaskiya. Baba Talatu ba ta iya sujada."

Kulu ta dubi hannuwanta. Sannan ta nemi takalminta da ƙafa, don yatsun hannunta ba sa ɗaukar komai daga ƙasa. Ta kai ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Halas, magana ta ƙare. Gobe su duka za su zo, ki shimfiɗa tabarmi. Nawa ciwon kuwa ki sa a turo baƙo ya tambaye ni. Ba ni faɗa ma wadda na haifa."