Laimar kwaɗi a bayan garken Baba

Jiya da hantsi na tarar da ƙanwata Hadiza durƙushe a bayan garkenmu na Gangara, tana ɗaukar hoton laimar kwaɗin da ta tsiro bayan ruwan shekaranjiya. Abin da muka tashi muna shuri da ƙafa.

Hutu ta zo daga jami'a. Baba ya tsaya a kanta da sandarsa.

"Ke, karatun naki har ya kai nan?"

Ta ce, "Baba, akwai irin da ake ci. A jikinta akwai wani sukari marar zaƙi, ƙwayoyinsa a jere kamar carbi, da rassa gefe-gefe. In ya shiga ciki, sai sojojin jiki su ɗauka baƙo ne, su farka. Shi muke bincike a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu."

Baba ya ce, "Wato dila ya gitta nesa da garke. Bai ci komi ba, amma kare ya bar barci."

Sai ya sunkuya zai tsinka, wai a sa wa Inna a miya, tun bara take fama da tari.

Hadiza ta riƙe hannunsa. "Wannan ban san ta ba, Baba. Mai kisa da ta ci suna kama."

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya miƙe ya ce, "Ni ma ba na sakar wa dabbobina baƙuwar ciyawa."

Har yanzu ina tunanin wannan carbi marar zaƙi. Ku a garinku ana cinta, ko shuri take sha kamar namu?