Anti Saratu, wadda ta hana a goge labarina

Anti Saratu ta rasu. Ɗiyarta Rifkatu ce ta kira ni da safen nan, ina tsaye a kicin. Har yanzu ban iya karyawa ba.

Waɗanda suka zauna Kafanchan a shekarun casa'in za su tuna da ita. Ita ce mai buga takardu a shagon kwamfutar maigidana, can bayan kasuwa. 'Yar Gwantu ce, tana aiki tana rera waƙar coci a hankali.

Ni a lokacin amarya ce, ban san komai ba sai littattafan soyayya. Na karanta har na ga ai ni ma zan iya rubutawa. Ita ta koya mini bugu. In maigida ya tafi Kaduna sayayya, sai ta matsa mini kujera in buga labarina. Ba ni da shi a takarda, daga kaina sai cikin kwamfuta. Maigida bai sani ba, don da ma "Hajiya Soyayya" yake kirana, ina jin kunya.

Kwamfutar tsohuwa ce, mai baƙin allo, irin mai aiki da manhajar nan da ake kira DOS. Saura kaɗan in gama labarin ta fara tsayawa cak, ko kwafar fayil ta ƙi yi.

Maigida ya dawo daga Kaduna da wani disket, wato ɗan faifai, na duba lafiyar kwamfuta. Yana sawa ya nuna cewa uku daga fayilolin da take tashi da su ba daidai suke ba.

Ya ce, "Bairos ne. Gobe a yi fomat."

Fomat, wato a goge komai, har da labarina.

Anti ta dube ni, ta dube shi. Ta ce, "Oga, disket ɗin ka yaro ne, kwamfutan ka tsoho. Yaro ya ga furfura ya ce ciwo ne. Ka ba ni zuwa Litinin."

"Anti, wa'azi za ki yi mini a shagona?"

"Ai wannan kyauta ne, ba na karɓan baiko kamar a coci."

Ya yi dariya, ya ce ya ba ta.

Bayan ya fita ta yi mini bayani. Disket ɗin ya san girma da kwanan watan fayilolin sabon DOS ne kawai. Tamu kuwa tsohon take ɗauke da shi, dole ya ga bambanci. Ta ce, "Sai an auna shi da sa'o'in shi, amarya."

Ta san wani ofis a Gwantu da ke da irin tamu sak. Ran Asabar ta shiga mota, ta dawo da disket na asali a ƙulle cikin hankici, a jakar da take sa Littafi Mai Tsarki.

Ina zaune gefenta ta dinga gwadawa, fayil da fayil, girma da kwanan wata. Na farko daidai. Na biyu daidai, lafiyarsu ƙalau, tsufa ne kawai. Na uku kuwa ya lalace da gaske. Shi kaɗai ta canza, kuma da sa'ansa, ba da sabo ba. Ta ce in aka cusa sabo cikin tsofaffi ba za su jitu ba.

Kwamfuta ta tashi. Ta buɗe labarina, ta karanta shafin farko, ta ce, "Amarya, wannan saurayin naki yana aiki kuwa? Kullum yana gindin mangwaro."

Ita ta fitar mini da shi a takarda daga baya. Yana cikin akwatina har yau.

Ko bayan mun bar Kafanchan, duk lokacin da gari ya rikice, saƙonta ne yake fara iso mana: kun kwana lafiya?

Bara na je Kafanchan biki, na biya gidanta. Ta rame sosai. Rifkatu ta ce an yi mata gwaji a asibiti, likita ya ce ta dawo, ta ƙi.

Anti ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙyale su, amarya. Sun auna ni da disket na yara. Furfura ne."

Na yi dariya har da hawaye. Rifkatu ba ta yi ba.

Abin da ya hana ni sakat tun safe ke nan. A ranar gyaran kwamfutar, fayil biyu ne tsufa, ɗaya ciwo ne na gaske, kuma ita ce ta gano shi. Ta fi kowa sanin ba a yanke hukunci sai an gwada. To ta sani ne ta ɓoye mana, ko tsoro ne ya kama ta? Matar da ta shiga mota har Gwantu saboda labarin wata amarya, ta ƙi komawa asibiti don kanta.

Ba wanda zan tambaya yanzu.

Allah ya ba Rifkatu da ƙannenta haƙuri, ya dafa musu. Ku da kuka san ta, na masallaci da na coci, don Allah ku sa iyalinta a addu'a. Ku sa da ni ma.