Badukun da Ke Jiƙa Takalmi Kafin Ya Ba Ka

Kowace safiya, kafin ya taɓa basilla, Baba Halliru baduku yakan cika buta ya ajiye gefen wani faffaɗan dutse a bakin rumfarsa da ke unguwar Poumpoumré a Garwa. Haka yake yi tun kafin Faransawa su tafi. Duk takalmin da ya ɗinka, sai ya kwara masa ruwa, ya jiƙa dutsen, ya ce, "Sa, taka in gani."

Ni faɗuwa ce ta kai ni wurinsa. Ina dawowa daga famfo, tulu a ka, 'yata Yelwa 'yar wata huɗu a baya, sai ƙafata ta zame a cikin sabon takalmina na roba. Na zube. Saura ƙiris kanta ya bugi siminti. Kwana uku na kasa goya 'yata.

Baba ya shafa cikin takalmin da yatsa ya ce, "'Yata, kowa ƙasan takalmi yake dubawa. Santsin ciki ke kayar da mutum." Ya yanko fata ya kifa ta, mai sheƙin a ƙasa, mai kaushin inda tafin ƙafa ke zama, ya ɗinka mini wani.

Na ce, "Haba Baba, da wannan mummunan zan je suna?"

Ya ce, "Je ki. Gara su yi miki dariya da su zo miki jaje."

Ba ni kaɗai ba ce shaida. Mahamman mahauci, mai yini cikin ruwa da kitse riƙe da wuƙa, ya ce shekara tara rabonsa da zamewa. Madam Germaine ungozoma kuwa, da ta ga ciki ya tsufa sai ta ce, "Wuce wurin tsohon nan mai buta." An sha guje maka, Baba, ana cewa aikinka ba ƙyalli. Ba ka taɓa juya fatar don ka faranta wa ido ba. Kai ne garkuwar masu goyo.

Bana hannun Baba ya soma rawa don tsufa, zai ajiye basilla. Dukawan Garwa, ga dutse, ga buta, kada ku bari su bushe. Mu iyaye kuma, mu riƙa shafa cikin takalmi kafin mu saya.

Useko, mun gode, Baba, Allah Ya saka. Aikinsa na ƙarshe na Yelwa ne, da ta fara tafiya. Bai kai tafin hannuna ba, amma sai da ya kwara masa ruwa, ya kama hannunta, ya ce, "Taka in gani." Ta taka. Ta tsaya daram.