Telan da Na Ɓoye a McLeansville

Da mutuncina na zo birnin Greensboro na Amurka. Ina tuƙa motar haya, Juma'a ba ta wuce ni, kowa yana gaishe ni da fara'a. Daga baya na fara sayar wa mutanenmu kaftani, kasuwa ta buɗe, na ga ina bukatar tela.

Na ɗauko Isa daga Zariya, magidanci ne mai 'ya'ya. Ranar da ya sauka na karɓi fasfonsa don kada ya ɓata, kuma a lokacin har zuciyata haka nake nufi. Wata ya ƙare ban biya shi ba, ya yi shiru, shirun nan ya yi mini daɗi. Na ajiye shi a wani gida a McLeansville, can bayan gari, babu maƙwabci kusa, ba a zuwa ko'ina sai da mota. Idan ya yi maganar tafiya, sai in ce bizarsa ta ƙare, yana fita za a kama shi.

Akwai wani dattijo, Alhaji Mamman, mai shagon kayan abinci a gabashin Greensboro. Kakarsa baiwa ce da aka sayar a kasuwa, bai taɓa ɓoye hakan ba. Ya yi shekaru yana bin masallatai yana cewa duk wanda ya tsare ɗan'uwansa yana cin guminsa, bautar da shi yake yi. Wasu suka daina sayayya a shagonsa, bai fasa ba.

Wata rana ya tare ni a bakin shago.

"Ɗana, ina telan nan naka? Ban taɓa ganinsa a masallaci ba."

Na ce, "Baba, aiki ne ya yi masa yawa."

Ya ce, "Ka sake shi, ko ni da kaina in kai ƙara."

Na yi dariya na shige mota. Ya kuwa kai.

Da 'yan sanda suka fito da Isa, ɗinki ya lalata masa ido. Mahaifiyarsa ma ta daɗe da rasuwa, na ɓoye masa don kada aiki ya tsaya. A kotu ko kallona bai yi ba.

A kurkuku mutum ɗaya ne ya zo ganina, Alhaji Mamman. Na ƙi fitowa. Kafin a sake ni ya rasu.

Yanzu na fito, na tuba. Na aika a roƙa mini Isa gafara, bai amsa ba, kuma ba ni da bakin ƙorafi.

Matasa, duk wanda ya yi muku aiki ku ba shi haƙƙinsa, ku bar shi ya shiga mutane. Idan babba ya tsayar da ku ya faɗa muku gaskiya, ku saurare shi tun yana raye.