Wayar da Malama Hajaratu Ta Musanya a Ƙanƙara

Malama Hajaratu ce ke yi wa ɗaliban Mabai rajistar jarrabawa a laftof ɗinta. Ƙaninta ya aiko mata da tsadaddiyar waya, ta ɗauki hotunan ɗalibai arba'in da ita. Ranar rufe rajista, laftof ta ƙi buɗe ko ɗaya.

Ta hau babur zuwa Ƙanƙara, shagon Malam Almu mai wayoyi.

"Malama, ai taki ta fi duk nawa kyau," in ji shi.

"Ba kyau nake nema ba. Ba ni wadda za ta yi aiki da laftof ɗina."

Sai a waya ta uku hoton gwaji ya buɗe. Ta musanya, ta koma ta sake ɗaukar ɗaliban. Ana kiran la'asar ta tura sunan ƙarshe.